Manomin da Ya Hau Sikelin Citta

Akwai wani mutum manomi, yana da gonar masara a bakin rafi, yana kuma cikin gayyar unguwarsu. Su goma sha biyu ne, yau a gonar wannan, jibi a gonar wancan. Ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda bai kai layinsa ƙarshe a gonar ɗan'uwansa ba, ba za a zo tasa gonar ba a wannan shekara.

To, mutumin nan ya sayi injin niƙa. Duk rani yana zaune a benci bakin inji, mai ƙosai a damansa, mai tsire a hagunsa, ko coci sai a kan babur. Kafin ruwa ya sauka tumbi ya fito, wandon Lahadi ya ƙi ɗauruwa.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, sai Baba Habila, wanda shi ne babban gayya, shi ne kuma mai awon citta a kasuwa, ya ce ran Alhamis za a yi huɗa a gonarsa. Sa'an nan ya dubi cikin mutumin nan ya ce, "Kai kaɗai za ka zo, ko da wanda ka ɗauko a gaba?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

Da ya koma gida ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya ɗauki garma ya jinjina, ya ajiye. Kwana uku kaɗai suka rage a tsakani, masararsa kuwa ta kai gwiwa, tana jiran huɗa. Yana ta latsa waya, sai ya ga wasu suna cewa in mutum ya bar abinci kwana uku, ya sha ruwan 'ya'yan itace kawai, cikinsa zai wanku, ƙiba ta zube, ya tashi garau kamar saurayi.

Ya kira matarsa. "Maman Keziya, daga gobe kada ki zuba mini tuwo. Kankana da abarba da lemo za ki riƙa tace mini."

Ta ce, "Baban Keziya, da ruwan kankana za ka ɗaga garma?"

Ya ce, "Ke dai tace mini."

Ta ɗauko rariya.

Ran Litinin da safe ya tafi rumfar Baba Habila, ya ture buhu, ya hau sikelin citta. Kilo casa'in da biyu. Ya sauka ya koma gida.

Rana ta fari kansa ya yi ta sara. Rana ta biyu ƙanshin ƙosai ya kore shi daga bakin inji. Ya zauna, ya miƙe, ya zaga bayan gida, ya dawo, ya yi wa Keziya tsawa don tana cin gyaɗa kusa da shi. Matarsa tana tace lemo, tana kallonsa. Ta bar masa malmala ɗaya a kwano ta rufe, ko zai sake tunani. Bai taɓa ba, amma sau uku yana buɗe kwanon yana dubawa.

Ran Laraba da yamma ya sake hawa sikeli. Tamanin da tara. Ya dawo gida yana fito, ya sa wandon Lahadi, ya ɗauru.

"Kin gani? Kilo uku a kwana uku!"

Ta ce, "Na gani. Idonka ma ya faɗa."

Ran Alhamis aka jeru a gonar Baba Habila, kowa da layinsa. Mutumin nan ya fara da zafi, har ya wuce biyu daga cikinsu. Bai kai rabi ba sai garmar ta yi masa nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Kunnensa ya toshe, masara ta fara juyawa a idonsa. Ya durƙusa, daga nan ya kwanta a cikin kwari. Mutum huɗu ne suka ciccibe shi zuwa gindin ɗorawa, ɗaya yana haki yana cewa, "Wannan ne aka ce ya rage nauyi?"

Matarsa ta zo da gwate a kula, domin tun da safe ta dafa ta ajiye. Ya shanye tas. Layinsa kuwa yana nan inda ya bar shi.

Bayan kwana uku ya lallaɓa rumfa ya hau sikeli. Casa'in da biyu. Ya ce, "Baba, sikelin nan naka ya lalace."

Baba Habila ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina awo. Buhun citta in ya sha rana kwana uku, yakan rage. In ya sha raɓa, ya dawo yadda yake. Ba citta ce ta tafi ba, ruwa ne. Kai ma ruwa ka zubar, ka haɗa da ƙarfinka. Tumbin yana nan yana jiranka."

"To gonata fa, Baba?"

"Ka san ƙa'ida. Bana ba za mu zo ba."

Haka kuwa aka yi. Shi da matarsa suka shiga gonar su biyu, kullum da sassafe, yau layi biyu, gobe uku. Ya ci tuwonsa da miyar ganye daidai cikinsa, ya bar babur a gida. Ɓangaren da ke bakin rafi ciyawa ta riga su, ya yi asararsa. Amma ran da suka kai layi na ƙarshe, sai da ya tsaya ya ɗaure wandonsa da igiya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tumbin nan shi ne halin da muka tara a hankali, muna zaune: fushi, gulma, ƙyashi, sanyin addu'a. Ba rana ɗaya ya taru ba, ba kuwa kwana uku za su kwashe shi ba. Ruwan 'ya'yan itace shi ne gyaran gaggawa da muke so. Mukan je taron farkawa na kwana uku, mu yi kuka, mu ji mun yi sakayau, mu koma gida ba mu sāke komai ba. Taron ba laifi ba ne, kamar yadda lemo ba laifi ba ne, amma ba zai zama tuwo ba. Hawaye ne suka fita, halin yana nan. Ranar gayya ita ce ranar gwaji, sa'ad da maƙwabciya ta zage ki, ko ciwo ya shigo gida. A ranar ba a tambayar sikeli, garma ake miƙa wa mutum.

Haka yake ga jiki ma, wanda Allah ya ba mu amana. Kada mu azabtar da shi kwana uku don mu burge mutane. Mu ci daidai, mu motsa kowace rana. Mu ci Maganar Allah kowace safiya, mu yi aikin da ke gabanmu, yau layi biyu, gobe uku. Ubangiji ya ba mu ƙarfin kai layinmu ƙarshe. Amin.