Hawainiya da Ɓawon Gyaɗa

Ga ta nan ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Hawainiya ce dai, tana da 'yar gonarta da tulun irin gero da ta adana don shuka. Ba raguwa ba ce, wasu-wasi ne ya yi mata katutu. In gari ya waye sai ta zauna bakin ƙofa tana tunanin kore za ta sa yau ko ja. In ta gama da wannan, miyar kuka ko ta kuɓewa. In ta fito, hanyar rafi ko ta bayan gari. Ta ɗaga ƙafa ta mayar, ta ɗaga ta mayar. Kafin ta tsai da magana rana ta take, ta gaji liƙis, ko ciyawa ba ta cire ba. Kamar dai ke Ladingo, da kike cinye hantsi a gaban ɗankwali biyu.

Da abin ya ishe ta, sai ta kai kuka wurin tsoho Kunkuru. Ya saurare ta tsaf, ya miƙa mata rabin ɓawon gyaɗa.

Ya ce, "Ki riƙa jefa shi sama, 'yata. In ya kife, ki ɗauki na farko. In ya faɗi a buɗe, na biyu. Amma fa na ƙananan abubuwa ne, waɗanda gobe an manta da su."

Ai kuwa Hawainiya ta samu sauƙi. Ta jefa, ta sa kore. Ta jefa, ta kaɗa kuka. Ta jefa, ta bi ta rafi. Tun da sanyin safiya tana gona, har ta share ta tas, saura ruwa ya sauka.

Gizo kuwa yana laɓe yana kallo, kun san shi da son banza. Ya zo da fara'arsa, ya ce a ba shi ya ga abin mamakin nan. Yana jujjuya ɓawon ya liƙa masa zaren yanarsa, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙafarsa ta baya.

Ya ce, "Maƙwabciya, ɗumamen nan naki fa? Jefa mu gani, in ya kife nawa ne."

Ta jefa, ya ja zare, ɓawo ya kife. Ta ce ya ci, ba komai.

Washegari ya dawo, ya ce tabarmarta fa? Ta jefa, ya ja, ya kife. Ta naɗe ta ba shi.

Rana ta uku hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Gizo ya shigo yana lasar baki, idonsa a kan tulun iri.

"Jefa mu gani, maƙwabciya."

Hawainiya ta ɗaga hannu za ta jefa, sai ta dakata. In irin nan ya tafi, bana babu shuka, babu abinci. Da a da ne, da yanzu kanta ya yi zafi da zancen miya da launi, ta ce komai ta fanjama fanjam. Yau kuwa kanta garau yake. Ta ajiye ɓawon a ƙasa.

Ta ce, "Wannan ba aikin ɓawo ba ne, Gizo. Ni zan yanke, kuma na ce a'a."

Gizo ya yi roƙo, ya yi daɗin baki, ya yi fushi, ba ta ko motsa ba. Ya tashi fuu zai fita, ya manta da zaren, sai ga ɓawo yana binsa a baya ƙwas ƙwas ƙwas, a ɗaure da ƙafarsa. Kunya ta kama shi, ya haye bango, har yau yana can lungu.

Ruwa ya sauka, Hawainiya ta shuka gonarta kaf. Da safe ta tsinci wani ɓawon a tsakar gida, ta jefa, ya ce kuɓewa, ta kaɗa abinta.

To kun ji. Ƙaramin abu kada ku bari ya cinye muku ƙarfi, ku yi ƙuri'a ku wuce. Babban abu kuwa, da hankalinku za ku yanke shi, kada ku ba kowa.

Kungurus kan kusu. Ladingo, gobe in ga ɗankwali a kanki kafin koko ya huce.