Koren Fenti a Ƙarƙashin Noti

"Wai me ke kwance notin injin nan, alhali babu mai taɓa shi?"

Akwai wata matar aure mai yawan kunya da ake kira Auta. Tana shanya a bayan shagon niƙa ta ji mijinta yana yi wa yayansa wannan tambayar.

Yayan ya ce, "Tsufa ne, ƙanena. Ranar Asabar zan turo maka mai sayen tsofaffin ƙarafa, ka huta."

Injin na mahaifin Auta ne, marigayi Baba Makaniki, kuma shi kaɗai ya rage mata a cikin kayansa. A gindinsa ta tashi tana miƙa sifana, Baba yana tsokanarta da "injiniyar gidanmu". Har yau in ta ji warin baƙin mai, sai ta ga kamar zai leƙo ya ce a miƙo masa tsumma.

Mijin ba mugu ba ne, sai dai akwai ji da kai. Ranar da aka kawo injin ya wargaza shi, ya shafe ko'ina da koren fenti mai kauri don ya burge 'yan layi. Tun daga nan notuna huɗun da ke riƙe da shi a kan teburinsa na ƙarfe ba su ƙara yin kwana biyu a ɗaure ba. Injin ya yi ta rawa, bel yana zamewa, masu niƙa suna komawa wani shagon.

Da ta kawo masa ruwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigida, anya ba fentin ba ne?"

Ya tuntsire da dariya. "Auta ke nan! Fenti ai ado ne. Ki bar wa masu ƙarfi aikin ƙarfe."

Ta juya ta tafi, amma maganar Baba na yi mata yawo a kunne: "Noti ba ya kwancewa don ƙeta, 'yata. Ƙarfe so yake ya kwanta a kan ƙarfe. In fenti ko tsatsa ya shiga tsakani, jijjiga za ta murƙushe shi, a samu 'yar kafa, daga nan noti ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan."

Washegari da hantsi mijin ya tafi duba abokinsa mara lafiya. Auta ta turo ƙofar shago. Ta kwance notunan, ta ɗaga ƙafafun injin ɗaya bayan ɗaya da sandar ƙarfe, ta kankare fentin da tsohuwar wuƙa har ƙarfe ya fito fes. Ta ɗaure na wannan kusurwa, ta tsallaka na waccan, a hankali, yadda Baba yake yi. Ta tayar da injin ya yi zafi, ta kashe, ta sake bin su da sifana.

Da ta sake tayar da shi sai ƙararsa ta daidaita. Irin ƙarar nan ce da take tashinta daga barci tana yarinya. Ta tsaya tana share ido da gefen zani.

Asabar ta zo, yayan ya iso tare da mai saye da amalankensa. Mijin ya ɗora sifana zai kwance injin, noti ya ce bai san zancen ba. Kwana huɗu ana niƙa, ko motsi bai yi ba.

"Malam, ka yi haƙuri, na fasa," mijin ya ce wa mai sayen. Ya juya wajen yayansa yana dukan ƙirji. "Yaya, ka gani? Dama hannuna yake jira!"

Auta tana bayan ƙofa tana cire koren fenti daga ƙarƙashin farcenta. Injin Baba ya zauna a gida, abin da take nema ke nan. Ta ƙudura ba za ta gaya wa kowa ba.

Darasi: Ba ƙarfi ke riƙe abu ba, cire abin da ya shiga tsakani ne. Kada ka raina shawarar mai ƙaramar murya, wataƙila ita ke riƙe da gidanka ba ka sani ba. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya saurari na kusa da shi.