Ganye Ba Ya Faɗin Sunan Mai Mota

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da gyaɗa take sarauta a ƙasar nan. Direban babbar mota ne. Sunansa na yanka ya ɓace wa mutane, kowa Anaruwa yake ce masa, don ana tsuga ruwan sama aka haife shi. Ku matso, ku saurara. Ku yaran yanzu da kuka buɗe ido kuka tarar da kwalta a shimfiɗe, ba ku san abin da ake kira hanya ba. A wancan lokaci hanyar burji ce, ja wur, motar kuma mai bodin katako, da hannu ake tayar da ita, mutum ya yi ta murɗa ƙarfe a gabanta har gumi ya karyo masa kafin ta yi tari ta kama. A jikin bodi ga salka a rataye, ruwanta da sanyi ko rana ta take. Mu da muka riski wutsiyar zamanin nan, wallahi har yau in na ji ƙamshin sabuwar gyaɗa sai zuciyata ta koma can.

To, direbobin lokacin suna da wata al'ada. Babu waya a aljihu, babu bakanike a kowane ƙauye. In mota ta lalace maka a daji, sai ka karyo ɗanyen ganye ka jera a kan hanya, gaba da baya, tun daga nesa. Har yanzu kuna gani ana yi, amma yanzu abin da ganye yake cewa shi ne ka kauce. A da cewa yake yi, ɗan'uwa, tsaya. Duk direban da ya ga ganye zai taka birki, ya sauko, ya yi sallama, ya tambayi abin da ya faru. In ruwa ne ya ba da, in jak ne ya ara masa, in abin ya fi ƙarfinsa ya kai saƙo gari na gaba. Wanda ya wuce ganye bai tsaya ba kuwa, in ya iso tasha ba mai matsa masa a bencin mai shayi.

Anaruwa a hannun wani tsoho ya koyi tuƙi, Baba Korau, Allah ya jiƙansa. Ranar da tsohon ya yaye shi, bai yi masa dogon wa'azi irin nawa ba. Cewa ya yi, "Ganye ba ya faɗin sunan mai mota. In ka gan shi, ka tsaya." Shi ke nan.

Shekara da shekaru Anaruwa yana jan mota ɗaya ta wani kamfanin sayen gyaɗa, yana kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa. Koriyar mota ce, a goshinta an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Ya san kukanta, ya san ranar da ba ta jin daɗi. Makullin motar nan shi ne tuwon gidansa: shi, da matarsa Tabawa, da 'ya'yansu, da wata ƙanwarsa da miji ya mutu ya bar ta da marayu. In makullin nan ya fita daga aljihunsa, tukunya ta sauka daga kan murhu ke nan.

Ana nan sai aka kawo musu sabon manaja, Haladu. Yaro ne, a shekaru Anaruwa ya haife shi, amma Allah ya ba shi kujera, kujerar kuma ta hau masa ka. So yake masu kamfani su ce ba a taɓa yin manaja mai zafin nama irinsa ba, kuma a kan bayan direbobi yake son ya taka ya kai can. Kullum da safe sai sun jeru a ƙofar ofis, ya fito da makullai, ya kira mutum ya wurga masa nasa a ƙasa. Ba ya miƙawa a hannu. Sai ka ga dattijo da furfura ya sunkuya a gaban yaro yana lalube cikin ƙasa. Anaruwa kuwa ko sunansa ba ya kira, sai dai "kai, tsoho". Shi kuma ya sunkuya, ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya ce ya gode.

Kada ku zaci bai ji ciwo ba. Ya ji, ƙwarai kuwa. Akwai ranar da zai koma gida ya kasa cin tuwo. Tabawa takan ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse, shi kuma ya yi murmushi ya ce nasa dutsen dai ya ƙi nuna, ga itace yana ta ƙarewa.

Rannan Manaja ya kafa doka. Ya ce motar kamfani ba motar agaji ba ce, daga yau duk wanda ya ɗauko lodi ba tsayawa har tashar jirgi, ko uban wa ya gani a hanya. Direbobi suka sunkuyar da kai, kowa yana tuna bakunan da ke jiransa a gida. Anaruwa kaɗai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ka ce zan yi. In ka ce in yi sammako zan yi, in ka ce in bar cin abinci a hanya zan bari. Amma ganye ba zan iya wucewa ba. Gara in faɗa maka yanzu da in yi maka ƙarya."

Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ranar da na kama ka, ranar za ka rabu da makulli."

Ku lura da wannan bawan Allah. Bai zagi shugabansa ba, bai kuma yi masa fuska biyu ba. Sai ya zama yana sallame sallar asuba yake kama hanya, ya daina tsayawa wurin mai tuwon da ya saba, ya riƙe 'yar ƙuli-ƙuli a aljihu, don in ya tsaya wa mai ganye kada lodin mutane ya makara. Lodi bai taɓa makara ba. Abin da ya ƙara ƙona wa Manaja rai ke nan, don yana jin labari cewa tsohon yana tsayawa, amma ya rasa igiyar da zai ɗaure shi da ita.

Kai mai jar hula can baya, bar gyangyaɗi, yanzu aka zo wurin. Sai Manaja ya yi abin da tun da aka fara tuƙi a ƙasar nan ba a taɓa jin wani ya yi ba. Ya ari motar wani abokinsa don kada a gane shi, ya ɗauki wani sabon direba, suka yi gaba suka tsaya bayan wata kwana. Ya buɗe gaban mota, ya sa aka karyo ganye aka jera, alhali lafiyar motar ƙalau. Anaruwa ya taho da lodi, ya ga ganye, ya taka birki. Ya sauko da salkarsa a hannu yana sallama, sai ga Manaja ya fito daga bayan mota yana dariya, ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli.

Nan cikin daji aka karɓe makullin. Anaruwa ya ɗauko buzunsa da butarsa, ya dafa bodin koriyar motar nan, ya ɗan jima a haka. Sabon direba ya hau ya ja ta, giya tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Da suka ɓace, kun san abin da ya yi kafin ya nemi hanyar gida? Ya bi ya tsince ganyen nan duka ya watsar cikin jeji, don kada wani bawan Allah ya zo ya tsaya wa ƙarya.

Labari ya bazu tasha-tasha cewa Manaja Haladu yana zuba ganyen ƙarya. Anaruwa kuwa ya sha wuya. Tuwon gidansa ya koma sau ɗaya a yini. Daga baya wani mai sayar da itace ya ba shi wata akwalar mota, wadda sai an tura take tashi, yana ɗauko masa itace daga daji. Wani lokaci koriyar motar takan wuce shi a hanya, sai ya kau da kai, don ganinta a hannun wani yana sosa masa rai.

Aka kwana aka tashi, bazara ta shigo, irin zafin nan da ko ƙadangare yake neman inuwa. Rannan da rana tsaka Anaruwa ya taho da lodin itace, sai ya ga ganye a hanya. Ganyen har ya yi yaushi, alamar an daɗe da zuba shi, ga kuma sawun tayoyi da yawa sun bi ta kansa sun wuce. Ya ɗaga ido, sai ga motar Manaja, tasa ta kansa, ga shi tsaye a gefenta ba hula, yana ɗaga hannu.

Ashe tun hantsi yake nan. Direbobin kamfani da suka gan shi sun ce tarko ne, suka ƙara wuta. Direbobin wasu wurare kuma sun ji labarinsa, suka ce ya ci ganyensa. Da hannunsa ya kashe al'adar, ga shi yau yana nemanta.

Zan faɗa muku gaskiya, don ba labarin mala'ika nake ba ku ba. Ƙafar Anaruwa totur ta danna. Zuciya ta ce masa, ga wanda ya sa marayu suka kwana da yunwa, bar shi ya ɗanɗana. Ya wuce motar, bai ko dubi mutumin ba. Sai da ya kai ganyen ƙarshe na ɗaya gefen, sai maganar Baba Korau ta faɗo masa. Tsohon bai ce in mai motar mutumin kirki ne ba. Anaruwa ya yi a'uziyya, ya taka birki, ya dawo da baya.

Da ya sauko sai ya tarar ba Manaja kaɗai ba ne. Ga wata tsohuwa kwance a 'yar inuwar mota, leɓɓanta sun bushe. Mahaifiyarsa ce, ya ɗauko ta daga ƙauye ba ta da lafiya zai kai ta asibiti, ruwansu kuma ya ƙare. Anaruwa ya kwance salka, ya durƙusa ya ba ta ta sha, ya yayyafa mata a fuska, sannan ya miƙa wa ɗan. Haladu ya karɓa, ya kasa haɗa ido da shi.

Da tsohuwa ta dawo hayyacinta sai ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma faɗa mini, me ya sami direbobi? Ni na san ba a wuce ganye. Tun ɗazu nake tambayar yaron nan, ya ƙi ba ni amsa."

Jama'a, ga wuƙa ga nama. Kalma ɗaya Anaruwa zai faɗa, uwa ta san abin da ɗanta ya aikata, kuma ba ƙarya zai yi ba. Haladu ya tsaya kamar an dasa shi. Anaruwa ya dubi ƙasa, ya ce, "Inna, sauri ne ya yi wa mutane yawa. Taso mu tafi, rana tana yi."

Ya sa ta a gaban akwalarsa, ya naɗe buzunsa ya tokare mata baya. Ya ɗaure motar Manaja da igiya ya ja, Manaja yana riƙe da sitiyari a baya yana shan hayaƙin motar itace har ƙofar asibiti. Anaruwa ya kwance igiyarsa, ya yi musu fatan sauƙi, ya tafi kai itacen mutane. Tsohuwar nan ta warke, ta yi sauran kwanakinta, har ta koma ga Allah ba ta san komai ba.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko wai Manaja yana kiransa. Ya je da safe, ya tarar direbobi sun jeru yadda aka saba, ya tsaya a ƙarshen layi. Manaja ya fito, ya zaro makullin koriyar mota. To, kun san hannu da abin da ya saba. Kafin ya ankara ya riga ya wurga shi ƙasa. Anaruwa ya fara sunkuyawa, sai Manaja ya ce, "Tsaya, Baba." Ya tako da kansa, ya durƙusa a gaban direbobin nan duka, ya ɗauki makullin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya sa masa a hannu.

Ban ce muku Haladu ya zama waliyyi ba, faɗansa yana nan har ya bar wurin. Amma daga ranar ba a sake wurga makulli a ƙasa ba, dokar hana tsayawa kuma ba wanda ya sake jin ta. A gidan Tabawa aka koma ɗora tukunya safe da yamma.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Da yawanku akwai wani a samanku da yake wurga muku makulli a ƙasa, ko a ofis, ko a gareji, ko a kasuwa. Ku yi haƙuri, ku yi aikinku da gaskiya, kada ku rama zagi. Amma haƙuri ba shi ne ka sayar da abin da ka san daidai ne ba. In an ce ka wuce ɗan'uwanka cikin wahala, ka faɗa da ladabi cewa ba za ka iya ba, arzikinka ba a aljihun manaja yake ba. Ranar da Allah ya kawo maka wanda ya zalunce ka a ƙarƙashin hannunka kuwa, ranar ce jarrabawarka ta gaske: ka ba shi ruwa, ka rufa masa asiri. Ku kuma masu kujera, ku ji tsoron Allah, kada ku kashe al'adar alheri don a yaba muku, ba ku san ranar da za ku tsaya a bakin hanya ba hula ba.

Yau in mota ta faɗi, sai ka ga mutane sun zaro waya suna ɗaukar hoto. Maƙwabcinka da ya daina fitowa masallaci, ganye ne ya zuba maka. Abokin aikinka da ya yi shiru kwana biyu, ganye ne. Kada ka tsaya tambayar na wane ne, ko ya taɓa yi maka me. Ka gani, ka taka birki. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu irin zuciyarsu, ya sa in namu ganyen ya zuba a sami mai tsayawa. Ku ce amin.