Sarki Barmo da Kakannin Aro

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jira.

Wani sarki aka yi a Birnin Marke, sunansa Barmo. Yana da rumbuna, yana da shanu, yana da zuciya kamar garwashi. A fadarsa akwai wata tsohuwar zabiya, ana ce mata Inna Gude. Ita ke riƙe da salsalar gidan sarauta: wane ya haifi wane, wace ta haifi wace. Daga bakin uwarta ta karɓa, uwarta kuma daga bakin kakarta. Ita ce ma ta goyi Barmo yana jariri.

Ana nan, ana nan, sai labari ya zo daga Birnin Kainuwa, can hayin kogi. Sarauniya Gwamma mijinta ya rasu, ta gama takaba, ta ce za ta yi aure. Duk gidan da ta shiga, ƙasarsu da tata sun zama ƴan'uwa. Amma ta kafa sharaɗi. Duk sarkin da ke so, ya zo ƙofar fadarta a faɗi asalinsa a gaban jama'a.

Barmo ya sa aka kira Inna Gude. Ya ce, "Inna, faɗo mini asalina in ji yadda zai sauka a kunnen Gwamma."

Tsohuwa ta gyara zani, ta ɗaga murya:

"Barmo ɗan Ƙosau, Ƙosau sarki.
Ƙosau ɗan Tunau, Tunau sarki.
Tunau ɗan Dela maginiyar tukwane,
Tunau ɗan Nomau mai haƙar rijiya,
Nomau ɗan Cindo masaƙi."

Sarki ya buga ƙafa. Ya ce, "Tsaya nan! Tukwane? Rijiya? Saƙa? Da wannan zan je gaban Gwamma? Cire su, ki sa mini sarakuna."

Inna Gude ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na haife su ba, ba ni zan cire su ba. Shekarar fari, rijiyoyin Nomau ne suka tsirar da garin nan. Shi ya sa aka naɗa ɗansa. Rawanin da ke kanka daga ramin rijiya ya fito."

Idon sarki ya yi ja. Ashe Hankaka na bisa zaure yana ji. Ya diro, ya turo farin ƙirjinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bar tsohuwar nan. Ni ina da kakanni iri-iri, sai wanda ka zaɓa. Mu fara da Dela. Mu ce ba maginiya ba ce, gimbiya ce, ɗiyar Sarkin Kainuwa na farko, kakan Gwamma. Ka ga kun zama jini ɗaya, aure ya zama na zumunci."

Sarki ya ce, "Madalla." Aka yi shela a kasuwa: daga yau babu Dela a gidan sarauta.

Mai shela bai rufe baki ba sai aka ji fas! Fas! Fas! Randa ta fashe, tulu ya fashe, tukunyar tuwo ta fashe a kan murhu. Duk abin da aka gina da yumɓu a Birnin Marke ya zama tsingaro. Mata suka fito suna salati, miya na bin ƙafafunsu.

Inna Gude ta shigo fada ko sallama babu. Ta ce, "Ka ji ƙarar nan? Dela ce ta kwashe kayanta. Ka kore ta, ta tafi da abinta."

Sarki ya ce, "Dogarai, ku fitar da ita daga fada!" Aka fitar da ita.

Kashegari Hankaka ya sake dirowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, saura Nomau. Gimbiya ba ta auren mai haƙar rami. Mu ce shi Sarkin Yaƙi ne, mai takobi bakwai, wanda ya ci gari arba'in."

Sarki ya ce, "Madalla." Aka yi shela: daga yau babu Nomau a gidan sarauta.

Aka jefa guga a rijiyar fada, ya fito da yashi. Aka jefa a rijiyar kasuwa, yashi. Aka jefa a rijiyar masallaci, yashi. Ƙishirwa ta kama gari. Mata suna tafiyar rabin yini zuwa kogi da ƙwarya, kafin su dawo rabi ya zube. Awaki suka fara faɗuwa.

Inna Gude ta tsaya a ƙofar fada, mata na bayanta. Wannan karon ba ta ce ranka ya daɗe ba. Ta ce, "Barmo! Fito! Ni na goya ka, ni na share maka majina. Yara na kuka babu ruwa saboda kana jin kunyar kakanka. Sarkin Yaƙin naka mai takobi bakwai, ka ce ya ba mu moɗa ɗaya mu sha!"

Sarki ya fito a fusace. Ya ce, "Ni kike kira da suna? Ku fitar da ita daga garin!"

Aka kai ta bayan ganuwa. Ta sami gindin kuka ta zauna. Ta ce, "Nan zan zauna. Da ƙafarsa zai zo."

Rana ta uku sarki ya ci ado. Babbar riga kan babbar riga, rawani kamar gammo. Ya haye kogi da fadawansa, Hankaka na kafaɗarsa. Sarauniya Gwamma ta zauna a ƙofar fadarta, jama'a maƙil. Ta ce, "A faɗi asali."

Hankaka ya share murya:

"Barmo ɗan Ƙosau, Ƙosau ɗan Tunau.
Tunau ɗan Gimbiya, ɗiyar Sarkin Kainuwa na farko.
Tunau ɗan Sarkin Yaƙi mai takobi bakwai.
Shi kuma Sarkin Yaƙi, ba masaƙi ya haife shi ba,
Sarkin Gabas ne, wanda ya sauko a kan gajimare!"

Sai zare ya fara warwarewa. Rawani ya warware, sulululu. Riga ta warware, ta biyu ta bi ta. Wando ya kama hanya. Cindo masaƙi ya karɓi zarensa. Sarki ya fizge garkuwar fata daga hannun dogari ya tare jikinsa. Fadawa ma tufafinsu suka warware, suka tsuguna, kowa na neman ganye.

Jama'a suka tuntsure da dariya. Gwamma ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ku yi mini shiru! Kai Barmo, me na ji? Kakana ƴaƴansa uku ne, duka maza, na san inda kowa ke kwance. Ka zauna a zaurenka ka haifa masa ɗiya? Yau ka ce kai jikansa ne, gobe ka ce gadon sarautata naka ne. Ashe ba aure ya kawo ka ba, ƙasata ka zo ci da bakin tsuntsu! Na ba ka kwana uku. Ka kawo mai faɗin gaskiyar asalinka a nan inda aka yi ƙaryar. In ba haka ba, na rantse da kabarin ubana, sai na mai da Birnin Marke gonar gero."

Barmo ya haye kogi da garkuwa a gabansa. Bai shiga gari ba, ya nufi gindin kuka. Ya durƙusa. Ya ce, "Inna."

Ba ta dube shi ba.

Ya ce, "Inna, na tuba."

Ta ce, "Wa ke magana? Jikan gajimare? Ban san shi ba."

Ya ce, "Inna, za a ƙone gari."

Nan ta juyo. Ta ce, "Don gari zan tashi, ba don kai ba. Amma bakina ba zai gyara abin da bakinka ya ɓata ba. Tashi mu je."

Ta kai shi unguwar magina. Ta sa ya taka yumɓu da ƙafarsa, ya ce da ƙarfi, "Dela maginiya kakata ce!" Yumɓu ya yi laushi, mata suka zauna gini. Ta kai shi rijiyar kasuwa, aka zura shi da igiya har ƙasa. Ya ce daga cikin rami, "Nomau mai haƙa kakana ne!" Ruwa ya ɓulɓulo har wuyansa, da ƙyar aka jawo shi. Ta kai shi rumfar masaƙa. Ya ce, "Cindo masaƙi kakana ne!" Zare ya kama, aka saƙa masa ƴar taguwa ya sa.

Da taguwar nan ya koma gaban Gwamma. Inna Gude ta faɗi salsala tiryan-tiryan, da Dela, da Nomau, da Cindo, ba ta rage kowa ba.

Gwamma ta ce, "Na ji. Na janye yaƙi. Gidan da ya shayar da gari a shekarar fari, shi nake so in shiga. Amma kai Barmo ba na aurenka. Ka kori kakarka don ka sami mata. Ran da ka hangi wata ƙasa, ni za ka kora. Inna, Dela da Nomau ɗa ɗaya suka haifa?"

Inna Gude ta ce, "Biyu ne, ranki ya daɗe. Tunau yana da ƙane, Korau. Jikansa na nan, Jatau, magidanci ne, matarsa ta rasu bara. Har yau rijiya yake haƙa. Shi ya riƙe igiyar da aka zura sarki."

Gwamma ta ce, "A tambaye shi ko yana so."

Aka tambayi Jatau. Ya ce yana so, amma sai ya gama rijiyar da ya fara. Gwamma ta jira shi kwana goma sha biyu. Aka ɗaura aure, garuruwa biyu suka zama ƴan'uwa. Barmo shi ya tsaya waliyyin ango, yana haɗiye baƙin ciki, don babu wani babba a dangin sai shi.

Hankaka kuwa mata suka bi shi da jifa da tsingaro har bayan gari. Har yau in kun gan shi bisa katanga yana "Kaka! Kaka!", talla yake yi, ko zai sami wani wawan da zai sayi kaka a hannunsa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, nan na ajiye ta. Wanda duk ya ji kunyar waɗanda suka haife shi, ya sani abincinsa da ruwansa da suturarsa daga hannunsu suka fito.