Malam-buɗe-littafi a Karofin Korau

Dalilin da ya sa ƙaramin malam-buɗe-littafin nan na cikin ciyawa yake shuɗi daga ciki, toka-toka daga waje, ku matso ku ji. Kai mai kamun ƙwari, da kai nake.

A da can, ciki da waje duk launin toka ne, ko tsuntsu ba ya waiwayarsa. Sai aka yi wata shekara ruwa ya ƙi sauka, tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe ƙayau. Babu sauran danshi sai bakin karofi, wato ramin rini, na wani tsoho mai suna Korau. Nan ɗan talikin yake sauka ya tsotsi laima. Sunan tsoho Korau, amma bai taɓa korarsa ba, har yakan ɗiga masa ruwa a ƙasa.

To, Korau yana cikin damuwa. Matarsa Tabawa ta rasu ta bar farin zane, saƙar hannunta ta ƙarshe, ta ce a rina wa 'yarsu ta yi goyo da shi. Ga haihuwa ta matso, ga baban rinin da ya rage duk ya zuba a rami. Marini da harshe yake gane ruwa ya nuna, shi kuwa tsufa ya kashe masa ɗanɗano. In ya tsoma da wuri, zane ya ɓaci. In ya yi jinkiri, ruwa ya mutu. Ya nemi farin ƙyalle na gwaji, ina! Gidan marini ne, kowane tsumma ya riga ya sha shuni. Sai ya zauna bakin rami da zanen a cinya, yana hawaye.

Malam-buɗe-littafi ya ji tausayinsa ƙwarai. Ya ce, "Baba, ni ba a taɓa rina ni ba. Gwada da ni."

Korau ya ƙi. Ya ce fiffiken da bai kai farce ba, in ya jiƙe shi ke nan, babu sauran tashi. Kafin ya rufe baki, ɗan talikin ya juya ya faɗa rigingine a kan ruwan, fukafukai a shimfiɗe.

Tsoho ya sa tsinke ya ɗauko shi. Ya fito kore shar kamar gansakuka, ko motsi babu. Korau ya aza shi a tafin hannu yana hura masa iska a hankali. Can sai fiffiken ya motsa. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Duk buɗewa iska ta taɓa shi, kore yana janyewa, shuɗi yana fitowa, har ya zama wani irin shuɗi da Korau bai taɓa gani ba tun da ya fara rini. A hankali ya ce, "Ikon Allah. Ruwa ya nuna."

Nan take ya tsoma zanen Tabawa, ya fito yadda ake so, kuma da shi aka goya jikansu.

Da malam-buɗe-littafi zai tashi, Korau ya ce masa, "Tsomi ɗaya ka sha, rana za ta iya cinye shi. In ka sauka, ka riƙa ninkewa."

Shi ya sa har gobe in ya sauka kan ciyawa sai ya ninke fiffike, toka kawai za ku gani. Jefi-jefi yake buɗewa ya sha iska. In kuwa kuka kama shi, za ku ga ɗan gari ya maƙale muku a yatsa. Shunin Korau ne yake zuba, kuma Korau ya daɗe da rasuwa, babu mai sake rina masa. Don haka, kai, buɗe hannunka.