Shirun Uwar Soja

Masu ba da labari sun ce a garin Marken Gabas an yi wata mace mai suna Gwamma, mai soya ƙuli-ƙuli, wadda ɗanta na fari, Zailani, ya shiga soja. Da ya gama horo aka ba shi hutu, aka ce in ya koma bariki ya faɗi inda ya zaɓa: ko cikin sojan ƙafa masu shiga daji da bindiga, ko sashen masu gyaran motocin yaƙi, tunda a gareji ya tashi, kuma hannunsa na da albarka.

Gwamma kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan" take ce masa, in ta matsu ta ce "kai". Ranar da ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, wanne kika ga ya fi?" sai ta kau da kai ta ci gaba da murza tunkuza, ta ce, "Ni ina ruwana da maganar maza." Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi. Daga baya ta ji a bakin ƙanwarsa wai sojan ƙafa zai shiga, don abokansa na cewa mai gyaran mota ba soja ba ne, makanike ne ya ari kaki.

Ana gobe zai koma, da la'asar, Gwamma ta kai wa tsohuwar akuyarta Kyalla dusa, ta zauna a bakin turke, hawaye na zuba ba ta ko share su. Kyalla ta ɗago kai ta ce, "Uwar gida, ki rage kukan nan, kina cika min gishiri a dusa."

Gwamma ta zabura ta ce, "Ke ma ashe da bakinki?"

"Na daɗe da shi," in ji Kyalla. "Irin naki ne, ajiye shi nake yi. Amma yau tsoro ya kama ni, kada abin da ya sami Tasalla ya same ki."

Gwamma ta ce, "Me ya sami Tasalla?"

Kyalla ta gyara kwanciya ta ce:

A zamanin da ake yaƙi da mashi da garkuwa, an yi wata mace, Tasalla, mai ɗan fari Nomau. Baduku ne, in ya ɗinka garkuwa sai ka rantse ba hannu ne ya yi ba. Da yaƙi ya taso aka yi shela, kowane saurayi ya zaɓa: ko ya shiga dakaru, ko ya bi masu sana'a, maƙera da dukawa, waɗanda ke tafiya da runduna suna gyara abin da ya lalace. Nomau ya zo ya tambayi uwarsa, ta yi masa shiru. Yana fita ya ji tana ce wa maƙwabciyarta, "Ni fa kunyarsa nake ji." Ya san al'ada sarai, amma ranar zuciyarsa a cunkushe take, sai ya ji maganar a karkace. Ya ɗauka kunya take ji a ce 'ya'yan mutane na riƙe da mashi, nata yana warin fata. Ya ajiye basilla, ya je ya karɓi mashi.

Tsohon da ya koya masa sana'a, Barmo, ya ji labari, ya dogara sanda har gidan Tasalla. Ya same ta tana daka, ya ce, "'Yata, kin kuwa san abin da ya faru a shurin gara?"

Ta ce, "A'a, Baba, sai ka faɗa."

Barmo ya ce, "A wani shuri, uwar gara ta haifi ɗa mai laushin baki, wanda in ya kwaɓa ƙasa ya liƙe rami ko iska ba ta shiga. Ya ga kullum masu manyan kai da ke gadin ƙofa ake wa kirari, sai ya tafi wurin uwar ya ce, 'In tsaya a ƙofa, ko in ci gaba da gini?' Ita kuwa ta ga kamar zubar da girma ne ta yabi abin da ta haifa, ta yi gum. Ya ce a ransa, da tana son ginina da ta faɗa. Ya tafi ƙofa. Da tururuwa suka kawo hari ya tsaya bai gudu ba, sai dai bakinsa ba na cizo ba ne, a nan ya faɗi. Da damina ta sauka, ruwa ya bi ramukan da babu mai liƙewa, ya iske uwar har ɗakinta. 'Yata, wanda aka tambaya ya yi shiru, shi ma ya ba da amsa, sai dai ba shi ya zaɓi amsar ba."

Tasalla ta ce, "Na ji, Baba. Bari in ƙarasa dakan nan." Ta ƙarasa, ta yi tankaɗe, ta ɗora tukunya, duk don ta sami ƙarfin halin yi wa ɗanta magana. Ko da ta isa ƙofar gari, runduna ta yi nisa.

Nomau ya dawo da ransa bayan kaka, kuma kowa ya shaida bai ja da baya ba. Sai dai takobi ya tafi da yatsun hannunsa na dama. Yakan zauna a rumfar dukawa yana kallon wasu na ɗinki. Wata rana tana miƙa masa fura ya ce, "Inna, yanzu dai kin daina jin kunyata ko?" Ƙwaryar ta suɓuce mata. Ta ce, "Wayyo ɗan nan! Ni da nake saka takalmin da ka ɗinka min in yi ta zaga gidajen mutane ba gaira ba dalili, don kawai a tambaye ni wa ya yi?" Suka zauna suna kuka su biyu, amma kukan bai mayar da yatsu ba.

Kyalla ta dubi Gwamma ta ce, "Ban ce mashi abin ƙi ba ne, uwar gida. Wani don shi aka halicce shi, kuma ba don irinsu ba da ba mu kwana lafiya. Amma Nomau ba don yana so ya ɗauka ba, don abin da ya zaci uwarsa na so ne."

Gwamma ta ce, "To in na yi magana na karya masa gwiwa fa? In zuciyarsa na can wurin bindigar?"

"Ai ba hana shi na ce ki yi ba. Ki ba shi abin da ke ranki, ya haɗa da nasa ya auna. Yanzu da zato yake awo."

Gwamma ta share fuska da bakin zane ta ce, "Na ji, na kuma karɓa."

Ta iske ɗan nata a zaure yana goge takalminsa na soja. Ta tsaya daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa, ta ce, "Tambayar da ka yi min. Tsoro nake ji, ba na ko iya cin abinci. Kuma ranar da ka tayar da injin niƙan unguwar nan bayan kowa ya haƙura, ɗaki na shiga na yi guɗa a hankali don kada a ji ni. Shi ke nan maganata. Zaɓi naka ne, duk wanda ka ɗauka na sa maka albarka."

Ya ajiye takalmin. Ya ce, "Inna, ni na ɗauka aikin garejin ne ba ki ɗauka a bakin komai ba. Gyaran nake so, wallahi. Amma kada in ruɗe ki, motar yaƙi ba a gareji take lalacewa ba. Inda ta tsaya, can zan bi ta."

"Na sani," in ji ta. "Ka je da abin da Allah ya ba ka."

Ta juya za ta shige gida, sai ta tsaya. Ta ce, "Allah ya tsare min kai, Zailani."

Sai da ya waiwaya ya duba ƙofar waje don ya ga mai kiransa, kafin ya gane muryar uwarsa ce.