Baba Masinja Da Ɗan Maɓallin Gefe

Akwai wani dattijo, masinja ne a ofishin wani kamfanin kayan gini, shekararsa ashirin da biyu a wurin. Kowa Baba yake ce masa, har manajan. Shi ke buɗe ofis, ya share, ya kai takardu. In sakatariya ta tashi daga teburinta kuma, shi ke amsa waya.

Da can wayar mai igiya ce. In aka nemi manaja, sai Baba ya kwantar da kanta a tebur ya je ya kira shi. Ana nan aka kawo sabuwa marar igiya, mai zama a kan ɗan mazauninta tana shan caji, jikinta duk maɓallai. Nan Baba ya shiga uku.

Shi a saninsa, ja yana nufin a tsaya, kamar danjar titi. Saboda haka duk wanda ya kira, sai ya roƙe shi da ladabi ya ɗan dakata, ya danna jan maɓalli, ya ruga da wayar wurin manaja. Manaja ya kara a kunne, ya ji shiru. Sau uku aka yi haka a mako guda. Na ukun wani babban ɗan kwangila ne, wanda ya fusata ya kai cinikinsa wani wuri.

Direban kamfanin ya samu abin yi. Kullum da safe gaisuwarsa ɗaya ce: "Baba, yau mutum nawa za ka katse?"

Manaja kuwa bai yi dariya ba. Sakatariya tana da tsohon ciki, saura mako uku ta tafi hutun haihuwa. Ya ce in ta tafi dole a samu mai riƙe waya, kuma in Baba bai iya ba kafin nan, za a ɗauko matashi ya haɗa aikin biyu. Baba ya fita. Ya koma bencinsa ya cire hula ya riƙe ta a hannu. Yana da 'yan mata biyu a makaranta, kuma ya san ba wanda zai ɗauki mai furfura sabon aiki.

Da lokacin cin abinci ya yi, sakatariya ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce za su yi darasi ɗaya kowace rana, ba ƙari. Ya ce mata kada ta wahalar da kanta, kansa ya riga ya bushe.

"Kan da ya haddace gidan kowane kwastoma a garin nan ba tare da takarda ba?" in ji ta. "Baba, miƙo wayar."

Ranar farko kore da ja kawai suka yi: kore a ɗauka, ja a yi sallama. Washegari ta nuna masa na jira, ta manna ɗan salatif kusa da shi ta zana tafin hannu. Na miƙa kira ta zana masa kibiya, ta koya masa ya danna shi sannan ya danna lambar ofishin manaja, ba sai ya yi gudu ba. Daga nan suka yi na ƙara murya, da na lasifika, da na sake kiran lambar ƙarshe.

In sun gama sai ta fita baranda ta kira shi da wayarta, ta kumbura murya tana masifa kamar an kawo mata simintin da ya jiƙe. Sau bakwai ya katse ta a rana guda. Sau bakwai ta sake kira, tana riƙe da ƙugu tana dariya.

A rana ta goma Baba ya nuna wani ɗan maɓalli a gefen mazaunin, ya tambaya wannan maraya kuma na mene ne. Ta ce na masu mantuwa ne: in an ajiye wayar an rasa inda take, shi ake dannawa, sai ta yi ta kuka har a same ta. Baba ya ce shi bai taɓa ɓatar da ko allura a ofishin nan ba. Ta ce duk da haka ya danna, ba ta barin darasi rabi.

Saura kwana biyu hutunta, Baba ya dawo daga kai takardu da tsakar rana ya tarar teburinta babu kowa. Manaja ya ce ya kira wayarta sau biyu ba ta ɗauka ba, wataƙila awo ta leƙa. Direba ya ce ko masallaci.

Baba ya duba. Jakarta na rataye a kujera, abincinta a buɗe cokali a ciki. Mazaunin waya kuma babu waya. Ya san ba ta fita ƙofar kamfani da ita.

Ya danna ɗan maɓallin. Bai ji komai ba. Ya fita tsakar fili ya ce wa direba ya kashe injin mota, ya koma ya sake dannawa, ya fito yana kasa kunne. Can daga ɗakin ajiya na uku, inda ake tara samfurin tayil, ya jiyo ɗan kuka siriri.

A bayan kwalaye suka same ta kwance, wayar a aljihun rigarta. Ta je dubo wa wani kwastoma launi ne, jiri ya kwashe ta, iska kuma ta turo ƙofar. Direba bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Likita ya ce jininta ne ya hau, kuma da an ƙara rabin awa, da wani labarin ake yi. Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, lafiya lau.

Bayan kwana huɗu wayar ofis ta yi ƙara. Baba ya danna kore, ya yi sallama, ya faɗi sunan kamfani yadda aka koya masa. Sai ya ji muryar sakatariya, a raunane, tana cewa ba ta san da wane baki za ta gode masa ba.

"'Yata, ni ne da godiya. Abin da kika shuka ne."

Ta tambaya ko manaja ya ce wani abu game da ɗaukar matashi. Baba ya ce gara ta ji daga bakin manajan, ta ɗan dakata. Direba na tsaye a bakin ƙofa yana kallon yatsansa. Baba ya tsallake ja, ya danna kibiya, ya danna lamba. Wayar ofishin manaja ta ɗauki ƙara.

Ta ƙofar da ke buɗe suka ji manaja yana cewa, "Wane matashi kuma? Ai muna da mai waya."

Darasi: Kada ka raina mai koyo, kada kuma ka gaji da maimaita wa wanda bai gane ba. Ɗan ilimin da ka ba wani cikin haƙuri, wata rana shi zai nemo ka inda ba wanda ya san kana nan. Ku tura wa wanda ya taɓa zama ya koya muku wani abu ba tare da tsawa ba, ku ce masa kun gode.